Otal a Bakin Tafki: Yadda Masu Masaukin Baƙi a Kenya Ke Fama da Ruwan da Ya Ƙi Komawa

A ƙarshen shekarar 2020, baƙon da ya isa Kampi ya Samaki, ɗan garin masunta da ke yammacin Tafkin Baringo a ƙasar Kenya, idan ya ce a zagaya da shi otal ɗin Soi Safari Lodge, sai dai a saka shi a kwalekwale. Ɗakunan kwanan da ke jere a gaɓa sun nutse, rufinsu kawai ake hangowa. Filin da a da ake jera kujeru da yamma ya zama wurin kai-komon kadoji. Maƙwabcinsa, tsohon otal ɗin Lake Baringo Club, ruwa ya riga ya ci shi tun shekarun baya, bangayensa na tsaye a cikin tafki. Shi kuwa Roberts' Camp, sansanin da masu yawon buɗe ido suka daɗe suna kafa tantunansu a ƙarƙashin bishiyoyinsa, ruwan ya shiga masa a 2013, ya ɗan ja baya, sannan ya dawo da ƙarfinsa a 2020.

Babu madatsar ruwan da ta ɓalle, babu guguwar da ta taso da dare. Tafkin ne kawai yake ta hauhawa a hankali tun wajen 2010, yana cin gaɓa taku bayan taku. Baringo da aka sani da faɗin murabba'in kilomita kimanin 130 ya haura 200 da nisa. Haka abin ya kasance a Bogoria da Nakuru da Naivasha da sauran tafkunan da ke cikin Babban Kwarin Gabashin Afirka. Rahoton da gwamnatin Kenya ta fitar a 2021 tare da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa hauhawar ruwan ta shafi gidaje kusan 76,000, wato mutane kusan 380,000. Gonaki da makarantu da asibitoci da hanyoyin mota sun tafi. Masu masaukin baƙi kaso ne kaɗan a cikin wannan adadi, amma halin da suka shiga ya cancanci a duba shi da kyau, domin su ne suka zuba dukiyarsu a daidai bakin ruwa da gangan, kuma daga aljihunsu ne abincin ɗaruruwan iyalai yake fitowa.

Abin da mai otal yake sayarwa

Mai masauki a bakin tafki ba gado da katifa kaɗai yake sayarwa ba. Kusanci da ruwa shi ne hajarsa. Ɗakin da tagarsa ke kallon tafki ya fi na baya tsada, kuma shi ake fara kamawa. Don haka kowane mai gini yana ƙoƙarin matsawa gaɓa iyakar iyawarsa.

A Baringo, tsuntsaye ne ke jawo baƙi. An ƙidaya fiye da iri 470 a yankin, shi ya sa masu sha'awar kallon tsuntsu ke tahowa daga Turai da Amurka da kyamarori da madubin hangen nesa. Da sanyin safiya mai jirgin ruwa zai ɗebi baƙi daga mashigar otal, ya tsaya wajen wani masunci ɗan ƙabilar Ilchamus da ke zaune a kan ɗan ƙaramin kwalekwalensa na itace marar nauyi, ya sayi kifi. Idan an matsa kusa da wata bishiya, sai ya yi fito, ya ɗaga kifin sama, ya wurga shi ruwa. Nan take mikiyar nan mai farin kai za ta saki reshe, ta miƙo ƙafafu, ta sure kifin ba tare da ta jiƙa fikafikanta ba. Wannan ɗan wasa na daƙiƙa biyar yana ciyar da mai jirgi da masunci da ɗan rakiya da mai dafa abincin da ke jiran baƙin su dawo karin kumallo.

Naivasha kuwa tafiyar kilomita 90 ce kawai daga Nairobi, saboda haka ta zama wurin hutun ƙarshen mako da tarurrukan ma'aikatu da kamfanoni. Sana'ar saukar baƙi ta daɗe a can. Tsakanin 1937 da 1950 jiragen saman Birtaniya masu sauka a kan ruwa a wannan tafki suke yada zango, fasinjojinsu kuma su huta a masaukin da yau ake kira Lake Naivasha Country Club.

Ambaliyar da ba ta wucewa

Ambaliyar da aka fi sani ita ce mai zuwa da gudu. Mutanen Maiduguri sun ga irinta a watan Satumba na 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle: ruwa ya shigo cikin dare, ya yi ɓarna mai yawa, bayan wasu makonni ya janye, aka shiga kwashe laka. Ta tafki ba haka take ba. Takan ba mutum lokacin kwashe kayansa tsaf, amma idan ta zauna, sai ta yi shekaru.

Dalili kuwa shi ne yawancin waɗannan tafkuna ba su da kogin da ke fitar da ruwansu. Kogunan Perkerra da Molo suna zuba a Baringo, Malewa da Gilgil suna zuba a Naivasha, amma ruwan ba ya raguwa sai ta hanyar zafin rana da tsotsewa ta ƙarƙashin ƙasa da abin da mutane ke ɗiba. Ga shi kuma ba su da zurfi. Kamar faranti suke: da an ƙara ruwa kaɗan, sai ya bazu zuwa baki. Hauhawar mita ɗaya a wurin da gaɓa take shimfiɗe tana iya cin ɗaruruwan mitoci na fili.

Ruwa ba ya tsami banza. Masana da suka bi lissafin ruwan sama sun gano cewa daminar yankin ta ƙaru sosai tsakanin 2010 da 2020, kuma wannan ne babban sanadi. A ƙarshen 2019 ɗumamar yammacin Tekun Indiya ta jawo wa Gabashin Afirka ruwan sama mai yawa daga Oktoba zuwa Disamba, daminar farkon 2020 ta zo ta ɗora a kai. Akwai kuma hannun ɗan Adam. Sare dazuzzuka a tsaunukan Mau da Tugen da yawan kiwo sun bar ƙasa tsirara, ruwa yana gangarowa da sauri ɗauke da laka, lakar tana cike gindin tafki. Duk wanda ya ga launin ruwan Baringo, ja-ja mai kauri, ya ga ƙasar gonakin tudu ce ta sauko. Wasu masanan suna ƙara da motsin ƙasa, tunda kwarin wuri ne da ɓawon duniya yake tsagewa, sai dai hujjar ruwan sama ta fi ƙarfi.

Inda ɓarna take farawa

Tun kafin ruwa ya taɓa dakalin ɗaki, ya riga ya shiga otal ta ƙarƙashin ƙasa. Abin da ke fara lalacewa shi ne sokawe. Ramin da aka haƙa domin ya tsotse ƙazantar banɗaki yakan cika da ruwan ƙasa, sai masai ya daina tafiya, wari ya taso. Otal ɗin da banɗakinsa ba ya aiki ya rufe ke nan, ko da zanen gadonsa fari ne tas. Mafi muni, ƙazantar tana iya bi ta cikin ƙasa ta gurɓata rijiyar da ake ɗiban ruwan girki da wanka, ta kuma malala cikin tafkin da jama'ar gari ke sha. Nan ne ake fargabar kwalara da taifot.

Sai wutar lantarki. Wayoyin da aka binne don haska lambu, da famfon tura ruwa, da janareta da tankin mansa, galibi a ƙasa-ƙasa ake ajiye su, nesa da idon baƙi. Idan ruwa ya riske su, ga haɗarin wuta ta ja mutum, ga na mai ya tsiyaye cikin tafki. Daga nan danshi ya fara hawa bango, fenti ya kumbura, siminti ya fara tsagewa, ƙofofin katako su ƙi rufuwa.

Bishiyoyi ma ba su tsira ba. Dogayen itatuwan ƙaya masu ɓawo ruwan ɗorawa, waɗanda suka ƙawata gaɓar Naivasha da Nakuru, ba sa jure tsayuwa cikin ruwa wata da watanni. Saiwarsu takan ruɓe, su bushe a tsaye, wata rana iska ta kayar da su a kan rufin ɗaki ko motar baƙo.

Namun ruwa kuma suna biyo ruwan. Dorina dabba ce mai fitowa kiwo da dare. Idan tafki ya cinye makiyayarta, ciyawar lambun otal ce ta fi kusa. A Naivasha masaukai da yawa suna da shingen lantarki ko rami tsakaninsu da gaɓa, amma shingen da ya nutse ba ya tare komai. An samu ƙaruwar hare-haren dorina a Naivasha da na kada a Baringo a waɗannan shekaru, kuma masunta da mata masu ɗiban ruwa da yara ne suka fi shan wahala. Dole mai otal ya ƙara masu gadi, ya sa a raka kowane baƙo ɗakinsa da tocila bayan magariba.

Wani lokaci ma otal yana nan a bushe, amma abin da baƙi ke zuwa gani ne ya ɓace. A Nakuru ruwa ya mamaye babbar ƙofar shiga gandun namun daji da wasu hanyoyinsa. Ruwan tafkin mai kanwa ya tsinke, gansakukar da tsuntsayen filamingo ke ci ta ragu, sai tsuntsayen da suka sa aka san Nakuru a duniya suka yi ƙaura. A Bogoria maɓuɓɓugan ruwan zafi da ake zuwa kallo sun nutse.

Dabarun zama da tafki

Abu na farko da gogaggen manaja yake yi ba ya cin kuɗi. Yakan kafa turke a bakin ruwa, ya yi masa zane-zane da fenti, kowace safiya a duba a rubuta a littafi. Idan ruwa yana hawa santimita biyu a rana, kuma dakalin ɗakin farko ya fi shi da santimita sittin, to, ya san yana da kimanin wata guda. A cikin watan nan zai san abin da zai fara ɗagawa: janareta da tankin mai, akwatin rarraba wuta, firji da kayan kicin, takardun ofis, katifu da gadaje. Daga baya a ciro ƙofofi da tagogi da kwanon rufi, domin duk abin da aka kwance da hannu ana iya sake amfani da shi, wanda aka bar wa ruwa kuwa ya tafi. A kwashe sokawe a toshe shi kafin ruwa ya kai gare shi.

Mutane da yawa sukan fara da buhunan yashi da katangar duwatsu da aka ɗaure cikin ragar waya. Suna da amfani wajen karya ƙarfin igiyar ruwa idan iska ta taso da yamma, don kada ta zaizaye gindin gini. Amma ba sa hana tafki hawa. Ruwan yakan ɓullo ta bayan katangar daga ƙarƙashin ƙasa, mai otal ya wayi gari yana ƙona man famfo dare da rana yana mayar da ruwa cikin tafkin da zai sake turo masa shi. Kuɗin da aka kashe a nan sau da yawa ya isa a gina ɗakuna biyu ko uku a kan tudu.

Waɗanda suka fi samun sauƙi su ne masu ginin da ake iya ɗagawa. Tantin baƙi na zamani, mai gado da banɗaki a ciki, ana kafa shi ne a kan dandamalin katako. Idan ruwa ya matso, ma'aikata za su kwance shi cikin 'yan kwanaki su kai shi gaba. Ginin bulo mai hawa biyu ba shi da wannan dama. Wurin da aka zaɓa tun farko shi ma yana da tasiri. Island Camp da ke tsibirin Ol Kokwe a tsakiyar Baringo a kan gangaren dutse yake, kuma dama can da jirgin ruwa ake zuwa, saboda haka hauhawar tafki ba ta yi masa irin cin da ta yi wa masaukan da ke shimfiɗaɗɗiyar gaɓa ba.

Akwai kuma sauya salon sana'ar. Wanda filinsa ya koma ruwa yakan shimfiɗa gadar katako zuwa ɗakunan da suka rage, ya mayar da mashigar jirage inda gaɓa ta koma. Masu jirage a Baringo sun riƙa zagayawa da baƙi ta cikin gine-ginen da suka nutse da bishiyoyin da suka bushe, inda tsuntsayen ruwa suka samu sabon wurin sheƙa. Hatta masu kula da namun daji sun koma aiki da jirgi. A watan Disamba na 2020 aka fara kwashe raƙuman dawa da ruwa ya tsare a tsibirin Longicharo, ɗaya bayan ɗaya a kan wani faffaɗan jirgi da aka ƙera musamman, zuwa gandun Ruko da al'ummomin Ilchamus da Pokot ke kula da shi tare.

Gaskiya ga baƙo ita ma dabara ce. A zamanin da kowa ke ɗaukar hoto ya ɗora a intanet, otal ɗin da ya ci gaba da tallata tsohon hoton lambunsa, baƙo ya zo ya tarar da kududdufi, ya yi asarar sunan da ya fi ginin tsada.

Kuɗi da ma'aikata

Ruwan 2020 ya zo a mummunan lokaci. A watan Maris na shekarar Kenya ta dakatar da jiragen fasinja na ƙasa da ƙasa saboda annobar korona, ba a buɗe ba sai farkon Agusta. Daidai lokacin da ake bukatar kuɗin ɗaga gini da gyaran hanya, babu baƙo ko ɗaya daga waje. Bashin banki kuwa bai san ambaliya ba. Filin da aka jinginar aka karɓi rance yana ƙarƙashin ruwa, amma ranar biya ba ta canja ba.

Inshora ma ba kullum take share hawaye ba. Yarjejeniyoyi da yawa suna biyan ɓarnar da ta auku farat ɗaya, amma suna ware wadda ta zo sannu a hankali, kamar danshi da hawan ruwan ƙasa. Tafkin da ya yi shekara yana matsowa yana iya faɗawa cikin wannan rukuni. Shi ya sa ya kamata mai masauki ya zauna da wakilin kamfanin tun ana zaman lafiya, a rubuta a fili ko hauhawar tafki tana cikin abin da aka rufe, da kuma ko za a biya shi asarar cinikin watannin da otal yake rufe.

Nauyin ya fi sauka a kan ma'aikata. Mai share ɗaki da mai wanki da kuku da mai gadi yawancinsu 'yan ƙauyukan gaɓa ne. Ruwan da ya rufe wurin aikinsu shi ne ya ci gidajensu da gonakinsu da makarantar 'ya'yansu. A Naivasha unguwar Kihoto, inda ma'aikatan gonakin furanni da na otal-otal da yawa suke haya, ta koma sai da jirgi. Mai otal da ya riƙe mutanensa ko da a rabin albashi, ya ba su aikin kwance gini da sake kafa shi, ya ba da aron jirginsa a kai yara makaranta ko mara lafiya asibiti, shi ne ke samun ƙwararrun hannaye ranar da ya sake buɗewa. Baƙin cikin gida ne suka fara dawowa, sannan gasar tseren motoci ta Safari Rally da ta koma cikin jerin gasar duniya a 2021, aka kuma yi ta a Naivasha, ta cika ɗakunan da suka tsira.

Layin da aka manta

Babu wanda zai ce tafkin bai yi gargaɗi ba. A Naivasha akwai iyaka da aka sani tun zamanin mulkin mallaka: layin tsayin ƙafa 6,210 daga doron teku, wato kimanin mita 1,893, inda ruwan ya tsaya a 1906. Duk filin da ke ƙasa da wannan layi ƙasar gaɓa ce ta gwamnati. Mai filin da ke makwabtaka da ita yana iya kiwo ko ratsawa zuwa ruwa, amma ba a yarda ya kafa gini na dindindin ba. Masu filayen bakin tafkin sun kafa ƙungiyarsu tun 1929, kuma a kan wannan layi suka yi yarjejeniya da hukuma.

Shekarun fari ne suka sa aka manta. A 2009 Naivasha ya janye ƙwarai, har aka riƙa rubuta cewa gonakin furanni za su shanye shi. Fili ya buɗe, kore shar, ga kasuwar baƙi tana bunƙasa. Aka yanka fulotai, aka ba da takardu, aka zuba siminti. Da ruwa ya dawo bayan shekara goma, wuraren da ya mamaye suna ƙasa da wancan tsohon layi.

Tafkin Biktoriya ma ya ba da irin wannan darasi. Tsakanin 1961 da 1964 ya hau da kusan mita biyu da rabi. Ma'aunin da ke Jinja a Yuganda ya nuna mita 13.41 a 1964, kuma ba a sake ganin haka ba sai watan Mayu na 2020, lokacin da ruwan ya haura wannan alama ya shiga otal-otal da wuraren shaƙatawa na gaɓar Entebbe da Kampala da Kisumu. A 2024 ya sake kafa sabon tarihi. A Bujumbura ta ƙasar Burundi, Tafkin Tanganyika ya cinye yashin gaɓa da gidajen cin abinci da masaukan da ke jere a bakinsa.

Shekara hamsin da shida ke tsakanin 1964 da 2020. Wannan ya fi tsawon aikin jami'in da ke sa hannu a takardar izinin gini, ya kuma fi wa'adin kowane rancen banki. Saboda haka mai niyyar gina masauki a bakin tafki yana bukatar ya nemi tsofaffin taswirori da littattafan ma'aunin ruwa na hukumar albarkatun ruwa, ya kuma zauna da dattawan masunta su nuna masa inda iyayensu suke ɗaure jirage a shekarun cikar ruwa. Kicin da ɗakin janareta da sokawe da ma'ajiyar kaya su zauna sama da wannan wuri. Abin da za a kai gaɓa ya zama tanti da rumfa da gadar katako, waɗanda ma'aikata goma za su iya kwancewa cikin mako guda. Gwamnatocin gundumomin Baringo da Nakuru da hukumar kare muhalli ta ƙasa su ma aiki na jiransu: kafa ginshiƙan iyaka da kowa zai gani da idonsa, da ƙin sa hannu a kan duk wani gini na siminti da ke ƙasa da su, musamman a shekarun da ruwa zai sake janyewa, filayen gaɓa su bushe, masu saye su dawo da kuɗi a hannu.